Kason Sha'ibu Cikin Tsarabar Libiya

Sha'ibu taubashina ne, ɗan Goggo, yayar babana. Ni ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka tun muna ƙanana nake da izinin zaginsa in wuce lafiya, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Rake nake ce masa: dogo, siriri, ga sukari har wuya. Shi kuwa Madam Faɗa yake ce mini, wai ko allon lakol, makarantarmu ta boko, tsorona yake ji. Sunana Zuhura, ina koyarwa a Buza, kuma abin da zan faɗa a nan, har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

A Babankatami aka haife shi, shi ne ɗan farin Goggo. Wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan. Goggo ba ta kama sunansa, "wancan" take cewa. Ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in kuwa ana rabon wani abu, nasa ne na ƙarshe kuma nasa ne ƙarami. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma Goggo ba ta wasa da ita.

Yana da shekara goma sha tara ya bi samarin gari zuwa biɗa, wato ci-rani, a Abijan, kamar yadda kowane namiji a Adar yake yi. Wata takwas ya yi. Aka sauke shi daga mota ƙashi da fata, yana shan ruwa buta-buta ba ya ƙoshi, inda ya yi fitsari tururuwa ta taru. Mutane suka yi ta ƙus-ƙus ɗin da suka saba yi wa wanda ya dawo daga bakin teku da rama. Likita a Madawa ne ya rufe bakinsu: ciwon sukari ne, irin wanda sai da allurar insilin kullum har ƙarshen rai. Daga nan ƙafarsa ba ta sake wuce Tawa ba, shekara ashirin.

Kowace kaka in an ɗaure hatsi, motoci su kwashe maza, a bar Sha'ibu da mata da tsofaffi. Na tsokane shi da wannan iya tsokana, na ce shi ne uwargidan Babankatami. Amma ku tambayi matan garin. Shi ke hawa rumbu ya gyara jinka, shi ke ɗaura wa jakinsa amalanke ya kai mai naƙuda dispanser, wato ƙaramin asibiti, in an yi rasuwa da bazara shi ke fara sarar ƙasa. Insilin ɗinsa yana cikin wata ƴar tukunya da ya binne a jiƙaƙƙen rairayi bayan randa, tun da ba kuran, wato lantarki, balle firigo. Kowane wata ya zo Buza ya karɓi sabo, ya biya ta gidana ya sha ruwa ya sha zagi. Ya auri Furera, suka haifi huɗu. Ba zan ce rayuwar tana da daɗi ba, amma tana tafiya.

Shekara uku da suka wuce abin ya canza. Da, in allura ta fi ƙarfin abin da ya ci, sukarinsa ya yi ƙasa, jiki kan gaya masa: zufa, rawar hannu, yunwa mai cizo. Sai ya jefa dabino biyu a baki ya zauna, shi ke nan. To, sai jikin ya daina magana. Yana tsaye ana hira da shi, sai a ga idonsa ya kafe, ya zube. Ya faɗi a bakin rijiya, Allah Ya sa baya ya yi ba gaba ba. Ya faɗo daga amalanke ya bar haƙora biyu a hanyar kasuwa. Daga nan mata suka daina aiko masa in naƙuda ta tashi. Ba wadda ta ce masa komai, kawai dai suka daina, kuma na san wannan ya fi haƙoran yi masa ciwo. Gonar tudu, babbar gonarsu mai tafiyar awa guda, ya bar wa ciyawa, don Furera ba za ta iya barin yara kullum ta bi shi can da sukari ƙulle a bakin zane ba.

Bara da aka ba mu hutun damina na ce ya isa haka. Na tasa shi gaba har Yamai, wurin wata likita da aka yi mini kwatancenta. Mace ce mai sanyin magana, ba irina ba. Ta saurare shi, ta duba ƙafafunsa da idanunsa, sannan ta ɗauko wani abu fari kamar babban maɓallin riga, ta danna masa a bayan damtse. Kaptar ta kira shi, mu dai maɓalli muka ci gaba da ce masa. Akwai wani siririn zare a ƙarƙashinsa da ke shiga fata, yana auna sukari ba hutu yana aika wa portabul, wato wayar hannu. In sukarin ya kama hanyar ƙasa, portabul ɗin ya yi ƙara tun mutum bai faɗi ba. Kwana goma sha huɗu yake yi ya mutu, a cire a sa sabo, kuma wanda aka manna sau ɗaya ba a mayar da shi.

Sai ta nuna mana ɗaya abin, pompi. Ƴar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, ana rataya ta a ƙugu, tana ɗiga insilin kaɗan-kaɗan ta wani siririn tiyo, tana kuma jin abin da maɓallin ke faɗa. In sukari zai faɗi, ta tsayar da kanta. Ba abin saye ba ne ga irinmu, ko tambaya ban yi ba. Amma wata ƙungiya ta ba asibitin guda biyu, da alkawarin aiko kayan aikinsu, maɓallai da tiyo, duk bayan wata uku. Mutum goma sha ɗaya ke jira. Likita ta ce Sha'ibu yana cikin waɗanda suka fi buƙata, sai dai akwai sharaɗi: ya dawo da kaka da awon wata uku cif cikin portabul ɗinsa, ba yankewa, don a san yadda za a saita masa, a kuma ga ko zai iya riƙe abin a ƙauye. Maɓallin farko ta ba shi kyauta. Sauran shida, mu biɗo.

Faruƙ, autan Goggo, yana Libiya yana aikin fenti. Tun muna ƙofar asibitin na kira shi, bai bari na gama ba ya ce a bar masa. Ya samo su shida a wani kantin magani, abin da ya tara na rani duk ya tafi a ciki. Ya haɗa su da sabulu da shayi da dabino da takalman Goggo a kwali ɗaya, ya ba wani mutumin Buza da ke dawowa gida.

Kwanakin nan kafin kwalin ya iso, ban taɓa ganin Rake haka ba. Ya koma gonar tudu shi kaɗai, ya shuka ta a makare, portabul a aljihun gaba, dabino a ɗaya aljihun. Abin ya yi ƙara, ya zauna gindin gawo ya ci dabino uku, ya kalli lambar tana hawa, ya tashi ya ci gaba da aiki. Ya kira ni yana dariya da giɓinsa, wai ya samu wadda ta fi ni tsiwa, amma ita tsiwarta tana da amfani. Sau tara ta yi ƙara cikin kwana goma. Sau tara ke nan da zai zube ba kowa kusa da shi.

Kwalin a gidana aka sauke shi, ranar Laraba. Washegari na ɗaura shi bayan kabu-kabu na kai Babankatami. Sha'ibu yana gonar tudu. Na miƙa wa Goggo, don haka ake yi: saƙon ɗa daga biɗa hannun uwa yake shiga, ita ke kwance igiya, ita ke rabo, kai da ka kawo ko yatsa ba ka sawa. Ya zo mini a rai in ce mata ƙananan kwalayen nan shida a ajiye wa Sha'ibu. Wallahi ya zo har bakina. Sai na ce ai Faruƙ ya yi mata bayani, ga hadari ya haɗo a gabas, in ƙorama ta cika a nan zan kwana. Na sha fura a tsaye na koma.

Ashe ya yi mata bayanin. Abin da ya ce mata a waya shi ne akwai maganin sukari a ciki.

Goggo ta kwance kwali, ta ga maganin sukari shida. Ta duba masu sukari a dangi, har da ɗanta, shida cif. Furera ta ce har hannu Goggo ta ɗaga ta gode wa Allah da Ya daidaita abin haka. Kafin la'asar ta aika wa kowa nasa, tare da sabulu guda da ɗan dabino. Na wancan kuma ta ba Furera ta ajiye. Furera tana tsaye tana kallo, ta san ko mene ne, hawaye na zubar mata, amma ina aka taɓa jin matar ɗa ta ce wa uwar miji kada ki ba ƙaninki? Kuma a ce ta buɗe baki, me Goggo za ta yi? Ta tattara shida ta ba ɗan farinta, dangi na fama da ciwo iri ɗaya? Da ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige.

Furera ce ta kira ni da safe. Na iske Sha'ibu a zaure yana wasa hauya. Na ce ya tashi mu bi gida-gida tun ba a ɓare su ba. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Tsaraba ce, Zuhura. An kai, an sa albarka. In tahi in ce mi? Inna ta yi kuskure, ku maido?"

Na zage shi, kuma wannan karon ba wasan taubashi a ciki. Na ce masa sakarai, na ce kunya ba za ta ɗauko shi daga gona ba ranar da ya faɗi, na ce ya tuna ƴaƴansa huɗu. Ya bari na gama tas. Sannan ya ce in na faɗa wa Goggo ko kalma ɗaya, kada in ƙara taka gidansa. Tun da muka tashi bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba, kuma na tsorata.

Ban faɗa wa Goggo ba, amma ban zauna ba. Na fake da gaisuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Baba Ado, ƙanin Goggo da babana, na iske har ya manna nasa, ya bi hotunan da ke jikin takardar. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini yana murna. Wai tun da ya sa shi ƙishirwa ta ragu, ya ajiye ƙwayoyin dispanser, ya mayar da sukari cikin shayi. Babu portabul da ke karanta abin, zaman banza yake yi a jikin tsoho. Rabin awa na yi ina lallashinsa ya koma kan ƙwayoyinsa, ƙarshe na ce masa maganin Libiya sai da su yake ci.

Ta biyu wata kakarmu ce a bayan kasuwa. Ta ɓare nata ta ga allura, ta sa wuƙa ta fasa shi don ta ga inda maganin yake. Ta kawo mini gutsattsarin a faifai, ta ce an cuci Faruƙ, ba komai a ciki, amma kada in gaya masa ransa ya ɓaci. Na uku ya bi wani baƙo zuwa Ibohamane. Na huɗu, mai shi ya ga abu ne na daraja, ya aika wa surukinsa a Madawa. Haba, ranar nan na yi tafiya har ƙafata ta yi bororo, ina gaisuwa ina murmushin dole.

Na biyar na iske shi lafiya lau. Asiya, matar marigayi ƙanin mijin Goggo, ta sa shi cikin kwalla ta rufe, tana jiran azumi, don lokacin ne jikinta ya fi ba ta wuya. Na yi mata ƙarya. Na ce wannan ba irin nata ba ne, Faruƙ zai aiko wanda ya dace. Ta ɗauko ta ba ni tana ba ni haƙuri, wai ta wahalar da ni. Na ji kaina ɓarauniya, kuma na yi murna, duka biyun.

Sha'ibu ya karɓa ya jujjuya shi. Ya ce da na likita, da kasonsa, da wannan, mako shida ke nan, likita kuwa goma sha uku ta ce. Ya tambaye ni, ya zubar da mutuncin uwarsa a kan abin da ba zai kai shi Yamai ba? Kafin rana ta faɗi ya mayar wa Asiya da ƙafarsa, ya ɗora mata tiyar wake a kai, ya ce Madam ce ta rikice.

Na nemi wata hanya, kada a ce ban nema ba. A Tawa na shiga kantin magani uku, ba wanda ya taɓa ganin abin. A Yamai an samu, da na ji farashin na ajiye waya. Na kira Faruƙ na gaya masa, sai na ji yana jan hanci. Ba shi da sauran abu a hannu, kuma ba mai tahowa gida sai bayan kaka.

Sha'ibu ya sa kason nasa, ya yi mako biyu da shi. Portabul ɗin ya riƙa gaya masa saura kwana uku, saura biyu, saura ɗaya. Ranar wata Alhamis ya yi shiru. Bai cire mataccen maɓallin ba, filasta ya samu ya ƙara manne shi, don ya lura Goggo tana satar kallon damtsensa in ta zaci ba mai ganinta. Gonar tudu kuma ya riga ya shuka ta, hatsi ya kai gwiwa yana son maimai. Ya ci gaba da zuwa. Ranar da Furera ta samu mai riƙe mata yara ta bi shi, ranar da ba ta samu ba ya tafi shi kaɗai.

Da lokaci ya matso na kira likita da kaina. Na tura mata hotunan awon mako huɗun, na zayyana mata komai, har wuƙar tsohuwa. Na ɗauka za ta yi dariya ko faɗa. Sai ta ce ita ma uwarta haka za ta yi. Na ji sanyi a raina, na shiga roƙo, na ce ta duba sau nawa ya yi ƙasa cikin wata guda kawai. Ta ce ta gani, kuma ba ta musun buƙatarsa.

"Amma Madam," in ji ta, "in na ba shi pompin, kayansa ma a kwali za su riƙa zuwa, duk wata uku. Mai pompi in kayansa suka yanke ya fi mai allura shiga haɗari. Wa zai kwance kwalin?"

Na ce ni. Ta ce to, ranar da gari ya ji akwai maganin sukari a gidan Madam, kawun nan nasa ya aiko yana so fa? Ta ce in yi haƙuri, za ta bar sunansa cikin masu jira, ko da yake ba ta san ranar da wasu za su zo ba. Pompin biyu aka ba wasu, Allah Ya amfana musu.

Da kaka ya faɗi a gonar tudu, yana cikin girbi. Ba wanda ya san tun yaushe. Wasu makiyaya ne suka gan shi bayan azahar, kwance cikin rana, dabinonsa na nan cikin aljihu bai taɓa ba. Suka ɗauko shi a jaki, daga gari aka kawo shi asibitin Buza, kwana biyu kafin ya gane mutane. Ya rayu. Amma maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama ba ya riƙe allura daidai, Furera ce ke yi masa yanzu. Na shiga na ce sannu Rake, ya daɗe yana kallona kafin dariyar ta zo. Na fita waje na yi kukan da ban yi ba ko a rasuwar babana.

Mako guda bayan an mayar da shi gida na je dubiya. Yana kwance kan tabarma a inuwar rumbu, Furera na yi masa fifita. Goggo ba ta zauna kusa ba, tana can tana sussuka, bayanta gare shi. Da na zo yi mata sallama ta ja ni bayan dangar awaki, ta duba hagu da dama.

"Zuhura, ke da kinka yi boko. Kwalayen nan, akwai guda da gefenshi ya lotse a hanya. Na ga bai kamata in aika ma mutane lotsattse ba, shi na aje ma wancan." Ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa. "Ko shi ya sa nashi bai ci ba? Ga Ado shina ta yabon nashi."

Gaskiyar tana bakina, dukanta. Na kalli tsohuwar nan, na ga kwana tara ke nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ba ta da wanda za ta tambaya. In na gyara mata, abin da zan ɗora mata ya fi wanda take ɗauke da shi nauyi sau goma, kuma ba zai mayar da hannun ɗanta ba.

"A'a, Goggo. Duk ɗaya suke."

Ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta yarda ba. Ta ce duk da haka in na kira Faruƙ in gaya masa, in Allah Ya hore masa ya sake aikowa, ya naɗe su cikin tsumma don kada su lotse. Sannan ta rage murya, ta ce wannan karon za ta rufe ido ta zaɓa wa wancan nasa tun kafin ta raba, ko mutane za su yi da ita. Guda ɗaya, wanda ya fi kyau a ciki.

Na ce to, Goggo, zan gaya masa.